Injiniya da Injin Shara Mai Ruwa

A hawa na biyu na wani gidan haya akwai wani mutum da kowa ke kira Injiniya. Ba injiniya ba ne. Aikinsa buga hatimi a kan takardu a wani ofishi, daga safe har yamma. Sunan ya samo asali ne tun ranar da ya gyara wa maƙwabcinsa fanka, wadda daga ranar take juyawa da baya, tana kwashe 'yar iskar da ke ɗakin maimakon ta ƙara. Don tsokana aka laƙaba masa sunan, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har yakan tuna wa wanda ya manta.

Matarsa malamar firamare ce. Shekara goma sha ɗaya suna tare, kuma a cikin shekarun nan Malama ta koyi abu guda: duk lokacin da mijinta ya ce "bar ni da shi", to lokaci ya yi da za ta kwashe duk wani abu mai fashewa ta kai ɗaki.

A makon da wannan abu ya faru, Malama ba ta da sararin wasa. Mahaifinta, tsohon magini, yana kwance a asibiti da ciwon ƙirji, ranar Asabar za a sallame shi. Shekara arba'in ya yi yana shaƙar siminti, likita ya ce ya isa haka, kada ya ƙara kwana a inda ƙura take. Yayanta yana da babban gida mai tayil a wani gari mai nisan tafiyar yini guda, ya kuma ce can zai tafi da Baba. Malama ta san in aka tafi da shi, sai dai ta riƙa ganinsa sau ɗaya a shekara, lokacin dogon hutu, ga shi shekarun Baba ba irin waɗanda ake lissafa su da dogon hutu ba ne. Ta roƙa a bar shi ya zauna a wani ɗaki da ba kowa a gidanta, ta yi kuka, daga ƙarshe Yaya ya ce a waya, "Ranar Asabar za mu biyo daga asibiti. Zan shafa yatsa a ɗakin. In na ga ƙura, ko jakarsa ba zan sauke daga mota ba."

Ɗakin kuwa ba a daɗe da liƙe tsagar bangonsa ba. Mai aikin ya tafi ya bar toka-toka a ko'ina, da ragowar buhun siminti da ya fashe a lungu, ya zube a kan kafet.

"Bar ni da shi," in ji Injiniya.

Ranar Laraba ya dawo da ƙaton kwali a kafaɗa. A matakala ya ci karo da Inna, tsohuwar da ke hawan ƙasa, wadda ta yi shekara talatin tana sharar ɗakuna a otal kafin ta ajiye aiki. Malama tana tsaye a bakin ƙofa tana jin su.

"Me aka samu, ɗan nan? Firji?"

"Injin shara ne, Inna. Amma ba irin naki mai jaka ba. Wannan da ruwa yake aiki. Ƙura ta shiga, ta faɗa ruwa, ta nutse, magana ta ƙare. Naki kuwa ƙura ta shiga jaka ta zauna tana jiran ranar fita."

"Shekara ashirin tana jira, ba ta taɓa fita ba sai na fitar da ita."

"Ga sayen jaka ba ƙarewa. Ni ruwan famfo kawai."

Inna ta leƙa hoton da ke jikin kwalin. "Na yi aiki da irinsa. Inji ne mai kyau, ba ya mai da ƙura. Amma kwanon abinci ne. Kana gamawa ka zubar, ka wanke, ka kife ya bushe. Ka karanta ɗan littafinsa?"

"Inna, ai littafi na waɗanda ba su san inji ba ne."

"Shi ya sa na tambaya," in ji Inna, ta ci gaba da sauka.

Injin dai hawa biyu ne: mota, wato kan injin mai jan iska, a sama, bokitin roba garai-garai a ƙasa, sai dogon tiyo mai zuƙa. A jikin bokitin akwai jan layi da ke nuna iyakar ruwa. Injiniya ya duba layin, ya ce na masu ƙaramin gida ne, ya cika bokitin har wuya. Sannan ya ɗebo garin sabulun wanki cike da hannu biyu ya zuba, ya bi da rabin kwalbar turaren Malama.

"Maigida, sabulu kuma?"

"Ƙura ba datti ba ce? Datti ba da sabulu ake wanke shi ba? Masu ƙera injin ne dai tunaninsu bai kai nan ba."

Ya kunna a falo. Minti na farko komai ya tafi daidai, har ya ɗaga wa Malama gira. A minti na biyu kumfa ta fara leƙowa ta bayan injin, inda iska ke fita. A minti na uku ta rufe masa ƙafafu, ta bi ta ƙarƙashin ƙofa, ta kama hanyar matakala tana ƙamshin turare. Wani direba da ke zaune a hawa na uku yana saukowa da mukullin mota a hannu, ya taka, ya ƙarasa matakala shida a zaune. Bai tashi ba, ya ɗago kai daga inda ya tsaya.

"Injiniya, wanki ake ko shara?"

"Gwaji ne. Sabon inji dole ya fitar da abin da ke cikinsa."

"To ya fitar. Ni ma ya fitar da ni."

Malama ce ta goge matakalar da tsumma har hawan ƙasa, tana ba kowace ƙofa haƙuri. Injiniya ya juye ruwan kumfar a bayi, bai ɗauraye bokitin ba, ya ce santsin sabulun zai taimaka gobe.

Ranar Alhamis da yamma aka shiga ɗakin Baba. Malama ta kawo tsintsiya da abin kwasar shara, ta ce a fara kwashe simintin da hannu. Injiniya ya karɓi tsintsiyar ya jingina ta a waje, ya ce zamaninta ya wuce. A wannan karon ya tsaya a jan layi, ya kuma tabbatar matarsa ta ga ya tsaya. Ya kafa bakin tiyon a tsakiyar tulin siminti. Gaskiya ɗaya ce, injin ya zuƙa. Tulin ya riƙa raguwa, ruwan bokitin ya koma toka, ya yi kauri, muryar injin ta canja ta koma ta mai mura. Bai kashe ba sai da lungun ya yi tas.

"Kin gani? Ko ƙwaya ɗaya ba ta tashi sama ba. Da na Inna ne, da yanzu ba ma ganin juna."

"To kawo in zubar in wanke."

"A zubar da ruwa mai kyau? A bar shi ya kwanta. Datti ya sauka ƙasa, ruwa ya taso sama, a sake amfani da shi. Wannan shi ne tattali."

"Maigida, siminti ne fa. Ni 'yar magini ce."

"Ni kuma Injiniya ne."

Ya tura injin cikin sito, ya ja ƙofa, ya sa mukullin a aljihu. Malama ta tsaya tana kallon ɗakin. Lungu ɗaya ya fita fes, sauran ko'ina toka, daga labule har saman ƙofa, ga Asabar saura kwana biyu. Abinci ma kasa ci ta yi.

Washegari tana tasowa daga makaranta, ko jaka ba ta ajiye ba, ta ƙwanƙwasa ƙofar Inna. Ba ta gama bayani ba Inna ta jawo tsohon injinta, wanda aka ɗaure murfinsa da salatif, ta sa masa sabuwar jaka. Sau uku suka bi ɗakin: kafet, labule, ƙarƙashin gado, kan taga, bayan ƙofa. Suka bi da jiƙaƙƙen tsumma. Da suka gama, Inna ta zare jakar a hankali, ta toshe bakinta, ta ƙulle a leda.

"Aibin mai jaka ke nan, 'yar nan. In kika cire da garaje, sai ya mai da miki da kayanki. Ki ajiye wa masu kwasar shara."

"Don Allah, Inna, kada ya ji."

"Wa zai gaya masa? Ai shi ba ya jin magana sai tasa."

Injiniya ya dawo daga ofis, ya leƙa ɗakin, ya daɗe yana jinjina kai. "Kin ga abin da nake gaya miki? Jiya na tace iskar ɗakin, sauran ƙurar ta rasa wurin zama." Malama ta ce haka ne. Da ya tambayi ledar da ke bayan ƙofar kicin, ta ce jakar injin Inna ce, za ta zubar mata.

Ranar Asabar da hantsi mota ta tsaya. Yaya ya hau da Baba a hankali, suna hutawa a kowace matakala huɗu. Malama ta ga yadda rigar mahaifinta ta yi masa yawa, ta kau da kai ta share ido. Baba ya zauna a bakin gado, ya dubi liƙin bangon, ya ce wanda ya yi shi sauri yake.

Yaya, cikin fararen kaya, ya shiga aiki. Ya shafa yatsa a kan taga, ya duba. Ya shafa a saman ƙofa, ya duba. Ya durƙusa ya shafa ƙarƙashin gado. Yatsan nan ya fito yadda ya shiga. Ya miƙe, ya ce, "To. Bari in sauko da jakar Baba." Malama ta yi hamdala a ranta. Da Yaya ya wuce kai tsaye zuwa mota, da labarin ya ƙare a nan. Amma a bakin ƙofa ya waiwaya ya tambaya, "Da me kuka share haka?"

"Yaya, zauna," in ji Injiniya. "Wannan ba abin faɗa da baki ba ne. Bar ni da shi."

Malama ta yi masa ido, ta yi tari, ta taka masa ƙafa. Ya matsa gefe ya ba ta hanya. Ya leƙa matakala ya kira direban hawa na uku, ya kira wani mai shago da ke hawan ƙasa, ya kira Inna musamman, ya ce ta zo ta ga bambanci. Malama ba ta tsaya jayayya ba. Ta ɗauki kujera ta kai can ƙarshen baranda, ta kamo hannun mahaifinta. "Baba, zo ku sha iska a nan." Ta zaunar da shi nesa da ƙofa, ta dawo cikin gida.

Injin ya ƙi fitowa daga sito. Injiniya ya ja, tayoyin suka yi ƙara, suka kafe. Sai da direba ya kama masa suka ɗauko shi tare.

"Injiniya, ranar Laraba kai kaɗai ka hau da shi," in ji direba.

"Nauyi alamar inganci ne. Inji in ya saba da aiki yana ƙara cika."

Bokitin ya yi toka tun daga ƙasa har jan layi. Injiniya ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya ce wa jama'a su dubi yadda datti ya kwanta. Sai dai babu abin da za a share, ɗakin ko ƙwayar ƙura babu. Ya duba hagu, ya duba dama, ya ɗaga yatsa, ya nufi kicin. Ya dawo da ledar Inna.

"Maigida," in ji Malama.

"Wannan dattin da mai jaka ya tara ne. Yanzu za ku ga yadda mai ruwa zai haɗiye shi."

Ya farke jakar, ya juye a tsakiyar kafet. Duk ƙurar da mata biyu suka yi yini suna fitarwa daga ɗakin ta koma ɗakinta, ba ta rage ko cokali ba. Inna ta ja mayafinta ta rufe hanci, ta koma bayan ƙofa.

Ya kunna. Injin ya yi wani irin kuka mai tsawo. Ya kafa tiyo a kan tulin, ko ƙwaya ba ta motsa ba. Ya ɗora bakin tiyon a tafin hannunsa, ya girgiza, ya leƙa ciki da ido ɗaya.

"Yana ɗumama ne."

"Ɗan nan, kashe," in ji Inna daga bayan ƙofa.

"Inji ba a gane ciwonsa sai yana aiki."

Ya ɓalle maƙallan gefe biyu, ya ɗaga motar daga kan bokiti tana kunne. Motar da aka toshe wa numfashi ta samu iska, ta zuƙa iya ƙarfinta, ta fesa ta baya, bayan kuwa tulin yake kallo. Ɗakin ya ɓace. Aka ji tari, aka ji an yi karo da ƙofa, aka ji muryar Injiniya cikin duhun yana cewa kowa ya kwantar da hankalinsa. Inna ce ta lallaɓa ta zare wayar daga bango.

Suka fito baranda ɗaya bayan ɗaya, duk kala ɗaya. Mai shago da direba sai da murya ake bambanta su. Fararen kayan Yaya sun koma na ma'aikacin gini, gashin idonsa ma ya yi furfura. Maƙwabta sun cika matakala sama da ƙasa suna kallo. Yaya bai ɗaga murya ba. Ya kakkaɓe hularsa sau biyu, ya ce, "Baba, ku tashi mu tafi."

Malama ta jingina da bango. Hawaye suka zana mata layi biyu a kan ƙurar fuskarta. Ta yi duk abin da za ta iya, ta ci jarrabawar yatsa, ga shi za ta rasa ubanta saboda tambaya ɗaya da aka yi a bakin ƙofa.

Baba bai tashi ba. Ya nuna cikin gida da sandarsa. "A kawo mini bokitin nan."

Direba da mai shago suka ɗauko suka dire a gabansa. Ya ƙwanƙwasa da kan sanda, ya saurara. Ya ce a kife. Aka kife, aka bubbuga gindin sau uku, aka ɗaga. Wani dunƙulen siminti ya tsaya a ƙasan baranda, zagayayye, sumul, da rami a inda bututun ciki ya zauna, har shatar jan layin ta fito a jikinsa. Baba ya sunkuya ya shafa da babban yatsa, ya daɗe yana shafawa.

"Wa ya shafa wa mazubin sabulu?"

"Ni ne, Baba," in ji Injiniya a hankali.

"Shi ya sa ya fito bai kama ba. Kwana nawa?"

"Biyu."

"Yashi fa?"

"Babu yashi."

"Ɓarna ce. Amma shekara arba'in ina koya wa mutane buga bulo, ban samu wanda ya buga mai santsi haka ba."

Ƙirjin Injiniya ya fara tasowa. "Ai dama na ce injin nan, Baba, in aka..."

"Yi shiru, ɗana." Baba ya juya ga Yaya. "Je ka sauko da jakata."

"Baba, ku dubi ɗakin. Likita cewa ya yi..."

"Na ji abin da likita ya ce. Ƙura sharewa ake yi, ga mai sharewa nan tsaye, na ga aikinta ɗazu. Ba wannan bawan Allah ne ya share saman ƙofa ba." Inna ta dubi rufi. "In na bi ka, me zan yi a gidanka? In zauna in kalli bangon da ba shi da tsaga. Nan kuwa akwai mutumin da ke kwaɓa siminti a injin shara, kuma 'yata tana kwana a gida ɗaya da shi. Ba zan iya barin wurin nan babu mai sa ido ba."

Kafaɗun Baba suka fara rawa. Malama ta zabura ta ɗauka tari ne, ashe dariya ce, wadda rabonta da ji tun kafin ya kwanta asibiti. Yaya ya dubi mahaifinsa, ya dubi bulon, ya dubi ƙanwarsa. Ya sauka ya buɗe bayan mota.

Baba ya yi awa uku a falon Inna kafin a gama sake share ɗakin, da tsohon inji mai salatif da sabuwar jaka. Injiniya ne ya riƙe wayar injin don kada ta harɗe, an kuma ce kada ya taɓa komai bayan ita.

Injin ruwan bai mutu ba. Inna ta wanke shi, ta koya wa Malama, yanzu da shi ake share ɗakin Baba kullum, kuma aikinsa ba laifi. Zubar da ruwa, wanke bokiti da kife shi a baranda aikin Injiniya ne, Baba yana zaune yana duba ko ya ɗauraye. Bulon yana tokare ƙofar ɗakin. Duk baƙon da ya tambaya, Injiniya yakan ce da gangan ya buga, don a gwada ƙarfin roba.

Bayan mako biyu firji ya fara wani gurnani. Malama tana yankan albasa ta ji mijinta a bayanta yana naɗe hannun riga.

"Bar ni da shi."

Ta ajiye wuƙa za ta fara kwashe kofuna, sai ta ji muryar Baba daga ɗaki.

"'Yar nan, kawo mini kujerata kicin."

Ta bar kofunan a inda suke, ta je ta ɗauko kujerar.